Mai Ƙwanƙwasa Ƙofofin Iku

Ranar Litinin, tsakanin azahar da la'asar, aka fasa gida na uku a Sha Biyu, kuma a wannan karon akwai mutum a ciki.

Sha Biyu suna ne da 'yan acaɓa suka laƙaba wa wasu gidajen haya goma sha biyu da ke cikin katanga ɗaya a Iku, wata unguwa a gefen Suleja, daura da gonakin doyar da ake ta yankawa filoti-filoti. Kusan duk mazauna wurin a Abuja suke aiki. Bayan asuba su fita, gab da magariba su dawo, ba wanda ya san yadda fuskar maƙwabcinsa take da rana tsaka. Ba a kuma shelar tafiya a Sha Biyu. Mai niyyar zuwa garinsu zai kashe wutar gidansa tun daga mita don tsoron gobara, ya fito da ƙaramar jaka kamar mai zuwa ofis, ya ɓace. Haka ma'aikacin banki na lamba biyu ya yi da zai je biki Kano, haka malamin makaranta na lamba sha ɗaya ya yi da zai je jana'iza Kafanchan. Dukansu sun dawo sun tarar an yanke ƙarfen tagar baya, talabijin da janareta sun yi nasu balaguron.

Na uku shi ne lamba huɗu, gidan Abdulƙadir, wanda ofishinsu ya tura kwas Kaduna. Ya bar mahaifiyarsa Iya Daso, wadda ta zo daga Zariya ganin likitan gwiwa. Mutum biyu suka shiga ta taga, suka ci karo da ita a falo, suka hankaɗe ta ta faɗi kan hannunta, suka gudu ba su ɗauki ko cokali ba.

Haruna, kwamandan 'yan bangar unguwa, ya aika aka ɗauko wani maharbi daga Gawu Babangida wanda aka ce yana bin sawun saniyar sata kwana uku. Tsohon ya bi sawun takalma daga gindin katanga har bakin kwalta, ya tsaya ya daɗe yana kallon titi, sannan ya bayyana cewa saniya tana da mutuncin barin kashi a hanya, babur kuwa ba shi da wannan tarbiyya. Aka ba shi abinci ya koma.

Da sawu ya ƙare, sai aka koma ga lissafi. Wa ke zaune a Sha Biyu da rana? Wa ke ganin duk mai fita da jaka? Mutum ɗaya ce: Dokas, telar da shagonta ke jikin babbar ƙofa, tagarsa na kallon duk mai shiga da fita. Ita ce kuma Abdulƙadir ya roƙa ta riƙa leƙa tsohuwar, don haka ta san ba ya gari. Kafin magariba an tafi da ita ofishin 'yan banga. Haruna ya ce ya ba ta zuwa azahar ɗin Asabar ta faɗi abokan aikinta. In ta ƙi, zai buɗe ƙofar ofishin ya tafi kasuwa, abin da ya biyo baya ba da shi ba. Samarin unguwa sun fahimci maganar sarai. Washegari aka ga tsofaffin tayoyi biyu jingine a bakin kwata, ba wanda ya ce nasa ne.

* * *

Umaima, ta lamba bakwai, ta ga tayoyin da safe, ta koma ciki ta kira ofis ta ce ba ta da lafiya. Aikinta a wani kamfani a Abuja shi ne bin sawun masu kutsawa cikin kwamfutocin mutane, shi ya sa maƙwabta ke tsokanarta da mai bin sawu, suna kuma kawo mata wayoyinsu idan suka ƙi caji. Ta san Suleja. Ta san yadda ƙaramar maganar sata kan sauya riga kafin la'asar ta zama ta addini, musamman idan wadda ake zargi sunanta Dokas, wadda aka raunata kuma sunanta Daso.

Ta fara da tsohuwar. Ta same ta kan tabarma, hannu ɗaure a wuya, Abdulƙadir da ya dawo a guje daga Kaduna yana kai da komo a falon kamar wanda ake bin sa. Iya Daso ta ce ba ta ga fuska ba, sun rufe da ƙyalle. Ta ce Dokas kullum sai ta kawo mata kunu da safe, har ta sa mata maɓallin riga, kuma ita dai ba ta ga mugunta a idon yarinyar ba, amma an ce mata ta yi shiru, 'yan birni sun fi ta sanin mutane.

"Iya, sun yi magana?"

"Dogon ya yi. Da ya gan ni sai ya ja baya kamar ya ga aljana, ya ce wa ɗan'uwansa, ai an ce ba kowa."

Abdulƙadir ya ce wannan ai ba komai ba ne, ga ɓarawo tsohuwa ba kowa ba ce. Umaima ta ci gaba da duba falon. Idonta yana kan bango, inda butar dafa ruwa ke jone da soket, a ƙasa kuma ga akwatin intanet na gidan kwance, ƙahoninsa biyu a sama, wayarsa a cire. Ta tambayi wa ya cire. Tsohuwar ta ce ita ce, tun ranar Juma'a da ɗanta ya tafi. Soket ɗaya ne ke aiki a falon, ita kuma gwiwarta ba ta son ruwan sanyi wurin alwala. Balle ma abin sai ƙifta mata koren ido yake yi tana salla.

* * *

Oladipo, wakilin mai gidajen, yana da ɗan ofis a jikin katanga da tarin makullai a zobe guda, abin da ya sa wasu suka fara kallonsa. Ya zube makullan gaban Umaima ya ce ta ɗauki duk wanda take so ta gwada. Kowane ɗan haya, a cewarsa, makon da ya tare yake canza kwaɗo don bai yarda da shi ba, don haka shekara shida yana yawo da ƙarafan da ba sa buɗe komai, saboda kwarjini kawai. Kuma wane wawa ne zai yanke taga alhali yana da makulli? Ta gwada uku, ba wanda ya shiga ma.

Daga nan ta hau acaɓa zuwa unguwar Hashimi, shagon Romanus, mai dogon turken da ke raba intanet wa rabin Iku. Shi ya ɗora wa gidajen Sha Biyu 'yan farantan da ke kallon turkensa, ya ba kowane akwati lambarsa ta dindindin. Romanus ya rantse da kabarin uwarsa a Nsukka cewa shi bai san komai ba, ya ce lambobin kwastomominsa amana ce, ko 'yan sanda sai da takarda. Da ta leƙa ta ga inda yake ajiye amanar, a bayan kwalin indomi ya rubuta lambobin, rabin rubutun ruwa ya wanke.

A ofishin 'yan banga aka bar ta ta ga Dokas ta tagar ƙarfe. Tana zaune a ƙasa, awon tela har yanzu rataye a wuyanta, leɓenta a kumbure. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko an rufe mata shago, don akwai ɗinkin mutane a ciki, sannan ta tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko gaskiya ne maganar tayoyi. Umaima ta ce ba ta gani ba.

* * *

A hanyar dawowa ne butar Iya Daso ta ƙi fita daga ranta, kuma da ta gane dalili sai da ta riƙe kafaɗar ɗan acaɓa.

Akwai wani ɗan saƙo da na'ura ke aika wa na'ura, masu sana'ar suna ce masa fing. Ba ya ɗauke da komai sai tambaya ɗaya: kana nan? In akwatin yana kunne ya amsa, in yana kashe sai shiru. Tamkar ƙwanƙwasa ƙofa ne. A wurin aiki, abu na farko da Umaima ke yi wa kowane kamfani shi ne ta hana akwatinsu amsa ƙwanƙwasar baƙo daga waje, har tana da lacca ta minti ashirin a kan haka, da hotuna. Romanus kuwa a buɗe yake barin nasa, don ya san wanda ya lalace ba tare da ya hau babur zuwa Iku ba.

Bara, da ta lura da haka, maimakon ta rufe sai dabara ta zo mata. Babbar tambayar ɗan Sha Biyu in ya taso daga Abuja ita ce: akwai wuta a gida, ko a tsaya Madalla a sayi man janareta? Sai ta sa wa kowa wata 'yar manhaja a waya. Ka ƙwanƙwasa akwatin gidanka daga ofis, in ya nuna kore akwai wuta, in ja ne ka nemi jarka. An yi mata addu'a har da su Allah ya kawo miji nagari. Don kada kowa ya manta tasa, ta jera lambobin da sunayen gidajen ta tura a zauren wasaf na 'yan haya. Gida goma sha ɗaya ne a jerin. Na sha biyun, Malam Isiyaku na lamba tara, ya ce shi ba za a shigo masa da intanet gida ba, abu ne mai lalata tarbiyya, ko da yake iyalinsa suna Katsina kuma tarbiyyar da ke gidan tasa ce shi kaɗai.

Yanzu duk mai wannan jeri, in ya ga gida goma sun amsa ɗaya ya yi shiru yau, ya yi shiru gobe, ya san mai gidan ya kashe mita ya bar gari. Ba ya bukatar taga mai kallon ƙofa. Kuma zai yi kuskuren da mai ido ba zai yi ba: zai ɗauka gidan da tsohuwa ke dafa ruwan alwala ba kowa a ciki.

Ta isa gida ta umarci akwatinta ya riƙa rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa. Ranar Laraba da yamma ta buɗe. Lamba ɗaya ce, baƙuwa, ba ta cikin jeri, tana ƙwanƙwasawa kowane minti goma ba gajiya, tun daga lokacin da aka kawo wuta har aka ɗauke. Umaima ta ƙwanƙwasa mata ita ma. Ta amsa nan take, don ita ma a buɗe take. Abin da ya ja hankalinta shi ne saurin amsar. Saƙon da ya fito daga Abuja yakan ɗan ja lokaci, na Legas ya fi haka. Wannan kuwa ya dawo daidai da yadda na lamba shida da lamba takwas ke dawowa. Turke ɗaya suke kallo. Kuma yana mutuwa da wutarsu, yana tashi da ita.

Hannunta ya kai ga inda za ta rufe ƙofar akwatinta, sai ta janye. In ta rufe, lamba bakwai za ta yi shiru, jibi kuma a yanke mata taga. Ta zauna tana kallon koren idon yana ƙiftawa, yana gaya wa wani da ba ta sani ba cewa tana nan.

Abin da ta gano ya isa ya wanke Dokas a ranar. Ta sa hijabi za ta wurin Haruna, ta kai har bakin kwata, ta ga tayoyin sun zama uku. Ta tuna cewa bayanin zai fara ne da jerin da ta rubuta da hannunta, kuma taron jama'a ba ya jiran ƙarshen bayani. Ta gaya wa kanta cewa mai bincike na ƙwarai ba ya magana sai da cikakkiyar hujja, ta sayi tumatir ta koma gida.

* * *

Ranar Alhamis ta koma aiki. Kamar kullum motar Malam Isiyaku ta shiga, ita da wasu maƙwabta biyu, shi ke kai su ya dawo da su. Mutum ne mai natsuwa, ma'aikacin ajiyar takardu a wata ma'aikata, ba ya wuce saba'in a titin Kubwa, ba ya kunna komai sai karatu. A dawowa, da suka wuce Zuba dutsen Zuma ya bayyana, fasinjojin suka fara laluben wayoyinsu don duba wuta kafin gidan man Madalla. Malam bai ko rage gudu ba.

"Ku bar wahalar da kanku," in ji shi. "An kawo tun biyu da 'yan mintuna."

Fasinjan gaba ya ce alhamdulillahi ya mayar da wayarsa aljihu. Umaima ta dubi fuskar wayarta. Manhajar da ta sa wa mutane ba ta san tun yaushe ba, yanzu kawai ta sani, kore ko ja. Wanda zai san lokacin da wuta ta zo sai wanda ke ƙwanƙwasawa yini guda yana rubutawa. Wa kuma zai kira Malam ya gaya masa? Dokas tana kulle, Iya Daso ko lambar ɗanta ba ta haddace ba.

Ta ɗaga ido sai ta ga nasa a madubi. Ya tambaye ta cikin kulawa yadda bincikenta ke tafiya, don ya ji ta je har Hashimi. Ta ce ba ta samu komai ba. Ya ce haka ne, wasu abubuwan sai a bar wa Allah, ya kuma ba ta shawara ta riƙa kulle tagar baya da kyau, tunda ita kaɗai ce a lamba bakwai. Ta yi godiya. Daga Madalla zuwa Iku ba ta san ta riƙe hannun ƙofar motar ba sai da yatsunta suka sage. Da ta shiga gida ta duba rubutun akwatinta: wuta ta dawo biyu da minti bakwai, baƙuwar lamba ta ƙwanƙwasa biyu da minti tara.

Juma'a ba a kawo wuta ba ko ta minti ɗaya. Ta sake shiga motarsa da safe don kada ya ga canji, ta zauna a bayansa tana kallon ƙeyarsa har Abuja, yana gyara wa na gaba kuskuren da ya yi a wata addu'a.

* * *

Asabar, goma da rabi na safe, firij ɗinta ya yi ƙara. Umaima ba ta taɓa jin daɗin zuwan wuta da tsoronta a lokaci guda irin na ranar ba. Ta kira Haruna ta roƙe shi abu uku: ya zo da Dokas, ya aika a ɗauko Romanus, ya sa mutum a babbar ƙofa. Ya ce saura awa uku wa'adinsa ya cika, ba abin da zai rage shi in ya kalli wasan kwamfuta kafin nan.

Aka taru a gindin bangon da mitocin gidajen ke jere. 'Yan haya duka suna nan, Oladipo da zoben makullansa, Abdulƙadir, samari kuma sun ɗare kan katanga. Dokas tana zaune a bayan motar 'yan banga. Umaima ta ɗora kwamfutarta kan benci ta fara bayani, ta fara kuma daga inda take tsoro: ita ta bar ƙofofin a buɗe, ita ta jera lambobin, ita ta tura. Ta faɗi maganar buta da soket. Da ta kai nan Abdulƙadir ya matso har tana jin hucinsa.

"Wato ke kika karya wa uwata hannu."

"Ni na rubuta jerin, Malam Abdulƙadir. Wanda ya karanta shi yana tsaye a nan."

Wani daga kan katanga ya ce to a haɗa su biyun mana. Aka yi dariyar da ba ta da daɗin ji. Haruna ya ɗaga sanda aka yi shiru.

Ta juya fuskar kwamfutar ga jama'a. Ta ce wannan layin da ke fitowa kowane sakan amsar akwatin ɓarawon ce. Za a cire fis ɗin wutar gidaje daga mita ɗaya bayan ɗaya, gidan da aka cire amsar ta tsaya, nan yake. Ta roƙi a fara da shagon Dokas. Haruna ya cire. Layukan suka ci gaba da sauka. Ya cire na ofishin Oladipo, suka ci gaba. Oladipo ya karkaɗa makullansa ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Lamba ɗaya, biyu, uku. A lamba biyar Malam Isiyaku ya duba agogo ya ce yana da ɗaurin aure a Hashimi, a yi masa uzuri, tunda kowa ya san shi ba ruwansa da intanet. Ɗan bangar da ke ƙofa ya gyara tsayuwa ya tare hanya. A lamba bakwai, nata, Umaima ta ji idanu sun taru a kanta har layi na gaba ya fito. Takwas. Tara.

Layin ya tsaya. Na gaba ya ce ba amsa, na bayansa ma haka.

Malam ya yi murmushi ya ce na'ura ai takan gaji, kowa ya sani. Haruna, wanda bai taɓa kwamfuta ba a rayuwarsa amma ya san tambayar ɓarawo, ya mayar da fis ɗin. Aka jira minti biyu. Amsa ta dawo. Ya sake cirewa, ta sake ɗaukewa. Ya yi haka har sau uku, a hankali, yana kallon fuskar Malam ba kwamfutar ba.

Romanus ne ya fara karyewa. Ya ce shi ya ɗora farantin, a bayan tankin ruwa inda ba a gani, wata takwas da suka wuce. Malam ya roƙe shi ya rufa masa asiri, shi kuma ya ɗauka ƙwallo mutumin ke son kallo a ɓoye, ko abin da ya fi ƙwallo, ba kuma shi ne malami na farko da ya yi wa irin wannan aikin ba. A cikin lamba tara, ƙarƙashin gado, aka samu akwatin da wata tsohuwar kwamfuta ta ma'aikata. A fuskarta ga gidaje goma sha ɗaya a jere, kowanne da kwanakinsa, kore da ja, cikin tsari mai kyau irin na mutumin da ya shekara ashirin yana ajiye takardu.

Malam bai yi gardama sosai ba. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba, labari kawai yake ba wasu mutum biyu masu sayen tsofaffin kaya, kuma ya kafa musu sharaɗi tun farko cewa kada su kuskura su shiga gidan da ke da mutum. Ya faɗi wannan da ɗan alfahari. Game da tsohuwar kuwa, ya ce ai laifin wanda ya cire waya ne.

Samarin suka fara durowa daga katanga. Umaima ta ga biyu sun nufi bakin kwata da gudu. Haruna ya gan su shi ma. Ya finciko Dokas daga bayan mota, ya cusa Malam a wurinta, ya ce wa direba kada ya tsaya sai ofishin 'yan sanda, shi kuma ya tsaya tsakiyar ƙofa da sandarsa har ƙarar motar ta ɓace. Wa'adi, in ji shi, na mace ya bayar, wannan sabon fayil ne.

* * *

Jama'a suka watse da sauri, kowa ya tuna yana da wanki. Ba wanda ya je kusa da Dokas sai Iya Daso, da ta fito da hannunta a wuya ta ce mata sannu 'yar nan, ta koma. Abdulƙadir ya tsaya daga nesa ya ce Allah ya kiyaye gaba, yana kallon mitoci.

Umaima ta bi gida-gida ta rufe ƙofofin akwatunan goma sha ɗaya, aikin da bai kai minti uku a kowane gida ba, ta goge jerin daga zaure. Sannan ta je shago. An fasa gilashin tagar, an watsa yaduddukan mutane a ƙasa, wani ya taka farin leshi da takalmi. Dokas tana durƙushe tana tsince allurai ɗaya-ɗaya tana sokawa a gefen zanenta. Ta ce an gaya mata Umaima ce ta fitar da ita, ta gode, Allah ya saka. Umaima ta durƙusa ta fara ninke wani yadi.

"Anti Umaima, yaushe kika gane ba ni ba ce?"

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, ba kuma wanda zai taɓa bin sawunta. Umaima ta ninke yadin ta sake warwarewa.

"Laraba."

Dokas ta dakata da allura a hannu. Ta taɓa leɓenta, sannan ta ƙirga da yatsu a hankali, kamar mai awon kwanakin ɗinki.

"Alhamis ne suka shigo da taya ɗaya cikin ɗakin, suka ajiye kusa da ni, wai in saba da ita," in ji ta. Ta miƙa hannu ta karɓe yadin. "Bar shi, Anti. Zan ninke da kaina."